IDAN AURE YA MUTU, 'YA'YA NA WA? JAWABI GA MATASA A ANDARAI

Ranar Juma'ar makon jiya bayan sallar La'asar, matasa daga Andarai, Maiyama, Jega da Aliero suka taru a harabar wata makarantar Islamiyya da ke garin Andarai, inda ɗaya daga cikin malaman yankin ya gabatar da jawabi a kan riƙon 'ya'ya bayan rabuwar aure. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan yabo ga Allah (S.W.T.) da salati ga Manzonsa (S.A.W.), Malam ya fara da cewa ya san akwai masu cewa me ya haɗa samari da maganar saki, alhali mafi yawansu ko sadaki ba su taɓa biya ba. Ya ce amsar ita ce, duk wanda ke zaune a wurin nan, ko dai shi kansa an raba shi da mahaifiyarsa yana ƙarami, ko yana da 'yar'uwa da ke zaune a gida yanzu haka an karɓe mata 'ya'ya, ko kuwa shi ne wanda gobe babban wansa zai miƙa wa makullin babur ya ce je ka gidan su wance ka ɗauko mini yarona. Ya ce wannan na ukun shi ne ya fi damunsa, domin sau da yawa uban ba ya zuwa da kansa, ƙanensa yake aikawa, shi kuwa ƙanen ya tafi yana ganin biyayya yake yi, bai san an sa shi cikin zalunci ba.

Malam ya ce abin da aka saba a ƙasar nan kowa ya san shi. Da zarar an ba mace takarda, in tana da goyo sai a bar mata shi zuwa yaye, ranar da aka yaye shi a zo a ɗauke. Manyan kuwa tun ranar da za ta fita ake tsare su, ta kwashe kwanoninta tana kuka suna kuka. Daga nan sai a miƙa su ga kishiya, ko ga kakarsu ta wajen uba wadda ita kanta sai an ɗebo mata ruwa, ko kuma in namiji ne a haɗa shi da wani malami mai tafiya gabas, ba don son karatu ba, don dai kada uwarsa ta riƙa ganinsa. In ka yi magana sai a ce maka ai ɗa na uba ne. Ya ce haka ne, ɗa na uba ne wajen nasaba, sunan uba zai ɗauka, uba ne waliyyinsa, to amma a wane littafi aka karanta cewa don haka riƙo ma na uba ne?

Daga nan sai ya kawo ƙissar da Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya auri wata mata daga cikin Ansar, ta haifa masa ɗa mai suna Asim, daga baya suka rabu. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa bisa abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta riƙe jikanta, suka yi ta jayayya har gaban Halifa Abubakar (R.A.). Umar ya ce ɗansa ne, matar ta ce ɗanta ne. Halifa ya umurci Umar ya bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Malam ya ce ku dubi wannan da kyau, Umar ne fa, mutumin da jarumai ke shakka, tsohuwa ta tsaya gabansa a kan jikanta kuma aka ba ta gaskiya, ya haƙura ya tafi. Ya ce amma yau mai buhun albasa ashirin a rumbu yana ganin ya fi ƙarfin a ce masa ya mayar da yaro.

Ya kuma tunatar da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na matar da ta kawo kuka wurin Manzon Allah (S.A.W.) cewa mijinta ya sake ta kuma yana son ƙwace ɗanta, Manzo ya yanke cewa ita ce ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi wani aure ba. Sai kuma wanda Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub, mai gargaɗin cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, za a raba shi da masoyansa ranar ƙiyama, wal'iyazu billahi. A nan wuri ya yi tsit na ɗan lokaci.

Malam ya ci gaba da cewa ba sai an je nesa ba, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, ta bayyana hukuncin a fili. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita alƙalanmu ke hukunci, hadana, wato riƙon yaro, na uwa ne bayan saki. Namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Ya ce sauran mazhabobi ba su kai haka ba, Hanafawa sun tsaya ga shekara 7 ga namiji, 9 ga mace, Shafi'awa kuwa suka ce in yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Wato tamu mazhabar ita ce ta fi kowace tsawaita wa uwa, kuma mu ne muka fi kowa gajarce mata. Babu inda aka ce yaye shi ne iyaka.

In uwar ta mutu ko ta yi aure fa? Ya ce nan ne mutane suka fi kuskure, suna ɗauka da ta yi aure shi ke nan yaro ya dawo hannun uba. Ba haka ba ne. A jerin da Muhtasar na Halil ya kawo, bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwar, sai innar uwar, sai kakar yaron ta wajen uba, sannan fa a zo kan uba. Ya ce ku ƙidaya da yatsunku ku ga inda uba ya faɗo. Kuma ko an zo kansa, sai in yana da macen da za ta iya kula da yaron a gidan. Ya kawo labarin 'yar Sayyidina Hamza (R.A.) wadda Ali da Ja'afar da Zaid suka yi jayayya a kan riƙonta a shekara ta 7 bayan hijira, Manzo (S.A.W.) ya ba Ja'afar saboda 'yar'uwar mahaifiyarta ce ke aurensa, ya kuma sanya ta a matsayin uwa.

Da ya ga fuskokin wasu sun canza, sai ya yi murmushi ya ce kada kowa ya ɗauka an kori uba ne. Ya ce shari'a ba ta fitar da uba daga rayuwar ɗansa ba, aiki ta ba shi, kuma mai nauyi. Ci da sha da tufafi da magani da rabon yaron na wurin kwana duk suna wuyansa, alhali yaron yana ɗakin uwarsa. In ta fita da ciki, ciyar da ita na kansa har ta haihu, in tana shayarwa bayan igiya ta yanke tana da ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuwa ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, har yaye ma ta ɗora shi a kan yardar juna da shawara tsakaninsu. Sannan malaman Malikiyya sun faɗa cewa uba yana da haƙƙin duba ɗansa a inda yake, da ladabtar da shi, da kai shi makaranta, sai dai kwana a wurin uwa yake yi. Wato yaro zai iya wuni da ubansa a gona ko a kasuwa yana koyon sana'a, yamma ta yi ya koma.

Ya ce gaskiyar magana, da yawa daga masu rantsuwa cewa ba za su bar 'ya'yansu a gidan wani ba, ba son 'ya'yan ne ya motsa su ba, gudun ciyarwa ne. In yaro yana gidanka, tuwon gida ya wadatar, ba wanda zai tambaye ka. In yana wurin uwarsa kuwa dole ka auna gero ka aika, ka biya kuɗin magani, a san abin da ka bayar da wanda ka hana. Wasu kuma ramuwa ce kawai, ta ƙi ni, to sai ta ɗanɗana. Ya ce wanda ya sayar da albasarsa ko shinkafarsa ya ƙaro aure da kuɗin, alhali 'ya'yansa na can ba a aika musu ko mudu ɗaya ba, ya sani bashi ne a kansa.

Malam ya waiwayi ƙasashen Turawa, ya ce abin mamaki a can maza ne ke kukan da mata ke yi a nan. A Ingila a shekarar 2004 wani mutum daga wata ƙungiyar iyaye maza ya sa tufafin Batman ya haye bangon fadar Sarauniya, don ya nuna cewa kotuna na hana su ganin 'ya'yansu. Daga irin wannan kuka ne aka samu kiran a raba lokacin yaro daidai wa daida, kwana kaza wurin uwa, kwana kaza wurin uba. Jihar Kentaki ta Amurka ta yi doka a 2018 wadda ta mai da wannan rabon shi ne asali sai in an kawo dalilin kauce masa. Ostareliya kuwa ta yi doka a 2006 mai ɗaukar cewa alhakin yaro daidai yake tsakanin iyaye biyu, sannan ta dawo ta cire wannan a gyaran da ta yi a 2023, wanda ya fara aiki a watan Mayu na 2024, saboda an ga wasu na fahimtarsa a matsayin haƙƙin raba kwanaki ko da akwai cutarwa a gidan. Ya ce kukan nasu yana da gaskiya a ciki, yaro yana bukatar iyayensa biyu, amma yaro ba gona ba ce da za a ja igiya a tsakiya. Abin da shari'a ta raba shi ne aiki, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ciyar ya kuma jiɓinta, kowane yana bukatar ɗayan ko yana so ko ba ya so.

Bai bar ɓangaren mata ba. Ya ce akwai uwar da in uban ya zo ƙofar gida sai a ce masa yaro yana barci, akwai mai cika kunnen yaro da zagin ubansa, akwai mai karɓar kuɗin ciyarwa ta zuba a adashi ta ɗora wa yarinya farantin talla. Ya ce riƙo yana da sharuɗɗa, daga ciki akwai hankali da amana da iya kulawa da amincin wurin zama, wadda ta rasa su riƙon yana faɗuwa daga hannunta. Sai dai ba uban ne zai yanke wannan da kansa ba, alƙali ne, bayan an kawo shaida.

Bayan jawabin an ba da damar tambayoyi. Wani matashi ya miƙe ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in uban yana Andarai ita kuma ta koma gidansu Aliero, ba ya da ikon cewa ta yi nisa da yaron?" Malam ya amsa da cewa malamai sun yi maganar tafiya, amma sun ƙayyade ta da baridi 6, wato mil 72, kuma tafiyar ƙaura ce ba ta fatauci ko cin rani ba, tare da amincin hanya da na wurin da za a. Ya ce daga nan zuwa Aliero ko Jega ko ma Birnin Kebbi ba a kai wannan ba, tafiyar kabu-kabu ce ko mota guda, wanda ke zuwa Jega cin kasuwa ba zai ce zuwa ganin ɗansa ya yi masa nisa ba. Wanda kuma yake bin motar albasa zuwa Legas ya dawo, wannan ba ƙaura ya yi ba.

Wani ya tambaya game da yayarsa wadda aka karɓe wa 'ya'ya biyu, mahaifinsu kuma ya hana ta kai ƙara wai abin kunya ne. Malam ya ce a fara da manya, a nemi limami da dattawan ɓangarorin biyu, a karanta musu hukuncin, sau da yawa rashin sani ne. In an ƙi, kotun shari'ar Musulunci tana nan, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sanya al'amuran aure da saki da kula da ƙananan yara na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda ta jihar nan take Birnin Kebbi. Ya shawarce shi ya raka ta da kansa, domin mace ita kaɗai takan kasa buɗe baki a gaban alƙali, kuma kada a yi ta jan lokaci, don a wasu mas'alolin riƙo shirun shekara guda yana zubar da haƙƙin mai haƙƙi.

Tambaya ta ƙarshe ta fito ne daga wani yaro matashi da ke can baya, wanda ya ce to in wansa ne ya aike shi ɗauko yaro, ya zai yi, ga shi a gidansa yake ci. Malam ya ce ya ce masa, Yaya, aike ni da gero in kai musu, aike ni in kai shi makaranta in mai da shi, amma wannan aiken ka yafe mini. In ya yi fushi, ya zo da shi wurin malamai su yi masa bayani.

Ana cikin haka aka kira sallar Magariba, aka rufe da addu'a. Akwai sauran takardun tambayoyi da ba a samu karantawa ba, yawancinsu a kan agola da gadonsa, an ce za a duba su a zama na gaba.