Yadda Ake Auna Amfanin Fili A Ɗakin Inji

(Jawabin da aka karanta wa 'yan ajin yaƙi da jahilci masu sana'ar niƙa da casa)



Mai injin casar shinkafa yakan yi kukan ɗaki ya yi masa kaɗan, har ya ci bashi don ya ƙara gini. Sau da yawa ɗakin bai gaza ba, shirin kaya ne bai yi daidai ba. Manyan masana'antu sukan auna filinsu kafin su kashe ko kwabo a kan gini, kuma awon bai fi ƙarfin wanda ya koyi lissafi a aji ba.

Da farko a sami tef a auna tsawon ɗakin da faɗinsa. Misali, tsawo ƙafa 30, faɗi ƙafa 20. Talatin sau ashirin ya ba da 600. Sannan a auna mazaunin inji, da inda mai aiki yake tsayawa, da inda ake jera buhuna, da hanyar wucewa. In aka tara su suka kama 360, to kashi 60 cikin 100 na ɗakin ne yake aiki. Sauran 240 fa? A duba da kyau. Galibi za a tarar da mataccen inji, da tsofaffin ganguna, da babur ɗin maƙwabci da aka ba ajiya.

Amma wannan awo shi kaɗai yana iya ruɗin mutum, domin ɗaki yakan cika maƙil alhali aiki na tafiyar hawainiya. Saboda haka sai a ƙirga taku. Idan daga tarin buhuna zuwa bakin inji taku 15 ne, zuwa da dawowa 30 ke nan. Buhu 40 a yini ya zama taku 1,200, rabinsa da kaya a ka. A matso da buhunan zuwa taku 5, sai lissafin ya sauko 400. Ba a sayi bulo ko guda ba.

Irin wannan tunani ne ya taimaki Henry Ford, mai ƙera motoci a Amurka. A shekarar 1913, a masana'antarsa ta Highland Park kusa da birnin Detroit, ya tsayar da kowane ma'aikaci wuri ɗaya, aikin ne yake zuwa ya same shi. A da haɗa gangar mota ɗaya yakan ci sama da awa 12. Da sabon shiri ya zauna, sai ya koma kamar awa ɗaya da rabi.

A yi hattara, kada neman taƙaita taku ya sa a matse hanya. Bel ɗin inji yakan fizgi babbar riga ko gyale. A bar sarari a gefensa, wanda mutum da buhu a ka zai wuce ba tare da ya goge shi ba.