Gani Biyu-Biyu Ba Na Mai Tabarau Ba Ne



Sau da yawa a kan bugo maku waya daga Gwandu ko Kalgo a ce wane ya wayi gari yana ganin abu ɗaya biyu-biyu, fatar idonsa ta sauko, in ya miƙe sai tangaɗi. Kafin azahar an yanke hukunci: iska ce, ko jifa. Ku kuwa sai ku turo kuɗin tabarau da na ɗigon ido. Mu da muka yi shekaru muna lura da idon ɗalibai a gaban allo muna roƙon a daina wannan gaggawa.

Tsokoki shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umurni. Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jijiyoyin nan, galibi mako ɗaya ko biyu bayan mura ko gudawa. Wani likita ɗan Kanada, Miller Fisher, ya bayyana ta a 1956, sunansa kuma take ɗauke da shi. Reshe ce ta cutar Guillain-Barré, kuma ba ta da yawa, shi ya sa ake saurin kuskure mata.

Binciken farko ba ya bukatar na'ura. A rufe ido ɗaya: in biyu-biyun ya ɓace, to matsalar ta motsin ido ce. Likita zai sa marar lafiya ya bi yatsa da ido, ya dubi tafiyarsa, ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, domin a wannan cuta ƙafa ba ta zabura. Daga nan sai gwajin jini da na ruwan ƙashin baya. In kuwa fatar idon lafiya lau take da safe, sai da yamma ta yi nauyi, wata cutar ce daban mai suna mayasteniya. Hawan jini da ciwon sukari ma kan kawo gani biyu, don haka a faɗa wa likita ranar da abin ya fara da ciwon da ya gabace shi.

Mafi yawan masu cutar Fisher kan warke cikin watanni. Abin tsoro shi ne ta sauka zuwa maƙogwaro da ƙirji. Wanda ya fara ƙwarewa da ruwa, ko numfashi ya yi masa wuya, kada ya kwana a gida. A kai shi Birnin Kebbi, in an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a tafi. Kuɗin motar nan shi muke roƙo ƙungiya ta ware a kasafin bana.