Jawabi Kan Zaɓen Tsire-tsire Masu Yaɗo Domin Rufe Katangar Lambu

Jama'a, tun daga shekarar 1996 da Lafia ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa, gine-gine suka yi ta ƙaruwa a unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara, kowane gida da katangarsa. Magidanta da yawa sukan so su lulluɓe katangar nan da ganye, domin inuwa da kyan gani. Wannan niyya ce mai kyau, amma kafin mutum ya zaɓi abin shukawa, wajibi ne ya fara duban katangar kanta.

Damina a Lafia doguwa ce, takan kama daga wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba. Idan katanga ta ƙasa ce, ganye mai duhu da ya kwanta a jikinta yakan hana ta bushewa bayan ruwa. Sai laima ta zauna, gara ta sami hanya, gindi ya zaizaye, wata rana cikin Agusta a wayi gari katanga ta zube, wataƙila a kan yara ko dabbobi. Saboda haka kada a bar yaɗo ya hau jikin ginin ƙasa. A kafa dirkoki wajen ƙafa 2 daga katanga, a gitta musu gora ko waya, shuka ta hau nan, iska kuwa ta riƙa ratsawa ta baya. Katangar bulo ta fi jurewa, amma ita ma tana bukatar waya, don yawancin tsire-tsiren nan ba su iya kama siminti.

Mai son abin da zai shiga tukunya, ga ugu, wanda ƙasar Lafia ke karɓa sosai da damina. Sai dai a shuka gindi da yawa, gama akwai mace akwai namiji, kuma macen kaɗai ke yin 'ya'ya. Ga soso mai saurin rufe wuri, ga garafuni, ga kuma yaɗiya, wadda ake kwaɗo da ganyenta, kuma takan jure fari. Duma kam sai rumfa mai ƙarfi, don ƙwarya tana da nauyi. Aibin soso da duma shi ne mutuwa da kaka. Da zarar sun bushe a sare su, domin busasshen yaɗo cikin hunturu abincin gobara ne, kuma maɓoyar macizai.

Wanda yake son rufi na shekara da shekaru, sai ya nemi bogambiliya, furen nan mai ƙaya da aka kawo daga Kudancin Amurka. Reshenta ake yankowa a dasa. Ta fi yin fure da rani, yawan ban ruwa kuwa ganye yake ƙara mata, ba fure ba. Ƙayarta takan sa ɓarawo ya sake shawara, amma a nisanta ta daga wurin wasan yara, a kuma riƙa yi mata aski.

Akwai biyu da bai kamata a bari kusa da gida ba, ko da su suka fito da kansu. Karara, ƙaiƙayinta sananne ne. Idon zakara kuwa ya fi haɗari: jajayen ƙwayoyinsa masu baƙin ɗigo suna jan hankalin yara, alhali guba ce, ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kisa. A tumɓuke shi da saiwarsa a ƙone. Yaron da ya tauna kuwa a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira alamar ciwo ta bayyana.