Dam ɗin ƙauye: jawabi ga 'yan kasuwar Nima da Mamobi



Kowannenku ya tuna gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto ranar 2 ga Janairun 2025. Nan cikin Accra ke nan, inda ake da motocin kashe wuta. To a ƙauyukanmu na Arewa fa, wajen Savelugu ko Yendi ko Bawku, inda da yawanmu muke da dangi da shanu? Can idan wutar daji ta taso da iskar hunturu ta nufi rumbu, ba abin da zai tare ta sai ruwan dam. Shi ne kuma mashayar dabbobi duk tsawon rani.

Gwamnati ta haƙa irin waɗannan ƙananan madatsu na ƙasa a Arewa, a shirin nan na dam ɗaya ga kowane ƙauye. Amma dam marar zurfi yakan ƙafe tun kafin bazara, daidai lokacin da aka fi bukatarsa, kuma laka na ƙara cike shi kowace damina.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Ruwan da saniya ta shiga ta yi kashi, shi mata suke ɗiba na girki, a cikinsa yara suke wanka. Manyanmu ba su manta da kurkunu ba. A 1989 ya kama mutum kusan 180,000 a Ghana, kuma ta shan ruwan tafki ake ɗaukarsa. Sai da aka dage da tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon taka bakin dam, sannan aka ga bayansa; mutum na ƙarshe a Diare aka same shi, a 2010. Tsargiya kuwa tana nan. Ƙwayarta daga katantanwar ruwa take fitowa ta ratsa fata, ba sai an sha ba. Yaron da ya dawo hutu daga ƙauye yana fitsarin jini, a kai shi asibiti, akwai magani.

Saboda haka, in ƙungiyarku za ta aika gudummawa gida, ku tambaya: an yi wa dam ɗin shinge? An gina komi a waje domin dabbobi? Waye zai kira gayya a yashe laka da rani? Kada a bar itace ya girma a kan gindin madatsar, domin saiwarsa na buɗa wa ruwa hanya. Ruwan sha kuwa a tafasa shi, ko da ya yi garau a randa.