Bulala Ɗaya, Baya Biyu: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai a Ƙofa

 

An ce in yi magana a kan ladabtarwa. Ni ba malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, don haka ku gafarce ni, labari zan bayar, kuma da dama a cikinku kun san shi.

Muna aji biyar, ni da wani abokina muka tsallake shinge da daddare, aka kama mu. Laifi ɗaya, dare ɗaya. Ni mahaifina ma'aikaci ne a Kano. Washegari ya zo da mota, ya shiga ofis, aka yi mini bulala shida da yankan ciyawa, magana ta mutu. Abokina kuwa Bafulatani ne daga wata ruga ta gefen dajin Falgore. Kafin saƙo ya isa ga mahaifinsa, har an karanta sunansa a asambili an kore shi. Shi ke koya mini lissafi, wallahi ya fi ni ƙwaƙwalwa. Ban buɗe baki ba, ina murna na tsira. Har yau abin yana ci mini rai.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A 2014 ma'aikatar ilmi ta Amurka ta fitar da ƙididdiga cewa ana dakatarwa da korar ɗalibai baƙar fata ninki uku na farare. Su launin fata ne ya raba su. Mu a nan abin tambaya shi ne: ɗan wane ne? Ɗan birni ko ɗan ƙauye? Yaron da ya zo daga Doguwa ko Tudun Wada, Hausarsa da gargada, babu mai tsaya masa, bayansa ya fi saurin shan bulala.

Iyayenmu malamai, ban zo tuhumarku ba. Bulalarku ta yi mana rana, har da ni. Amma su Amurkawa sun gano cutarsu ne domin sun rubuta sun ƙirga. Mu fa?

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne mu nemi hukumar makaranta ta ajiye littafin horo: sunan yaro, garinsu, laifinsa, hukuncinsa. Wakilanmu biyu su riƙa dubawa duk ƙarshen zango. Kuma kada a kori yaro sai an ji ta bakin mahaifinsa, ko da rugarsu tafiyar yini ce. Kuɗin motar ɗan aike na shekarar farko, na ɗauka.