ME YA SA ZUCIYA KE KARKATA GA JARIRI?

(Matanin laccar da aka gabatar a unguwar Kwaciri, ƙaramar hukumar Fagge, Kano)

 

Mas'alarmu ta yau kowa ya san ta da ido, amma kaɗan ne suka tsaya yin nazari a kanta. Ranar suna, idan aka fito da jariri zaure, za ka ga dattijon da ba a saba ganin haƙorinsa ba ya washe baki, ya sassauta murya, yana ta tubarkalla. Ɗan dakon da ya yini yana sauke diloli a Kantin Kwari, in aka miƙa masa jinjiri, sai ya riƙe shi kamar ƙwai. Mene ne sirrin wannan? Kuma ina iyakarsa?

Da farko mu dubi halin jaririn kansa. Ɗan rago, jim kaɗan bayan haihuwa, ya miƙe ya nemi nono. Ɗan Adam kuwa sai ya yi wajen shekara kafin ya taka ƙasa. Ba ya iya ɗaga kansa, ba shi da haƙori, ba shi da magana. In babu wanda ya ɗauke shi, ya halaka. Sai Mahalicci cikin hikimarsa ya sanya masa abin jan hankali a fuska, ya kuma sanya mana abin amsawa a ƙwaƙwalwa.

A shekarar 1943 wani masanin ɗabi'un dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya sami lambar Nobel a 1973, ya lissafa siffofin da ke motsa mana tausayi: babban kai, faɗin goshi, manyan idanu, cikar kumatu, ɗan ƙaramin hanci da baki, da gajerun gaɓɓai masu tsoka. Kan jariri kusan rubu'in tsawon jikinsa ne, alhali na baligi kusan sumuni ne. Ya kuma lura cewa siffofin nan suna tare da 'ya'yan dabbobi da yawa. Shi ya sa ɗan akuya ko ɗan kyanwa ke ba mu sha'awa fiye da uwarsa.

Daga baya aka sami na'urorin leƙa ƙwaƙwalwa. A 2008 Morten Kringelbach da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna wa manya hotunan jarirai da na baligai. Suka tarar cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke saman kwarmin idanu yana amsa fuskar jariri cikin kimanin kashi ɗaya bisa bakwai na daƙiƙa, tun mutum bai yi tunani ba. Haka abin yake ga maza da mata, masu 'ya'ya da marasa 'ya'ya. A 2009 kuma Melanie Glocker da jama'arta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka yi amfani da kwamfuta suna ƙara siffofin nan ko rage su a hotunan jarirai. Duk hoton da aka ƙara wa, sai masu kallo su ce sun fi son kula da mai shi, kuma sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa ya fi motsawa. Akwai kuma sinadarin oksitosin, wanda iyayenmu mata suka sani a allurar naƙuda. Jiki da kansa yana samar da shi lokacin haihuwa da shayarwa, yana taimakon saukar nono, yana ƙarfafa shaƙuwar uwa da ɗa.

Har kalmar nan da mata kan faɗa, "kamar in cinye shi," su ja kumatun yaro, an bincika ta. A 2015 Oriana Aragón ta Jami'ar Yale ta bayyana cewa idan so ya cika ƙirji, yakan fito da siffar kishiyarsa, kamar yadda mai tsananin murna ke zubar da hawaye, kuma ta yi hasashen cewa wannan hanya ce ta daidaita zuciya. Kunyar ɗan fari da muka gada tana hana uwa nuna wannan a bainar jama'a, amma ba ta cire shi daga zuciyarta.

To, 'yan'uwa, ga inda nake son ku tattara hankalinku. Wannan tausayi ta ƙofar ido yake shigowa, kuma abin da ya dogara ga ido yana da naƙasu uku.

Na farko, yana gushewa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa fifikon da ake ba fuskar ƙaramin yaro yana ɓacewa bayan kimanin shekara huɗu da rabi. Ku tsaya bakin titin Katsina, ko ƙofar kasuwar Sabon Gari, ku dubi yaro ɗan shekara takwas da roba a hannu, ƙafa ta yi kaushi. Shi ma an yanka masa rago, an yi rububin ɗaukarsa. Kumatun ne suka tafi, buƙatarsa tana nan. Yau tsawa muke daka masa.

Na biyu, yana tsallake wanda ya fi buƙata. Tamowa tana cinye kumatu. Masu bincike a Oxford sun ga cewa amsar nan ta ƙwaƙwalwa tana raguwa idan jaririn yana da tsagaggen leɓe. Akwai kuma cutar nan mai cin naman fuskar yara wadda likitoci ke kira noma, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Yaron da ta kama shi ne mafi cancantar a rungume shi, shi ne kuma ido ke gudu.

Na uku, ana iya kasuwanci da shi. A 1979 masani Stephen Jay Gould ya auna zanen ɓeran nan na majigin yara, Mickey Mouse, ya nuna yadda aka yi ta ƙara masa girman kai da idanu shekara da shekaru har ya koma siffar jariri. Ku dubi 'yartsana da tallan sabulu da na madara, za ku ga dabarar guda ce. Wanda ya san mabuɗin zuciyarka, ya kusa sanin na aljihunka.

Natija ita ce: wannan karkata ta zuciya ni'ima ce, kada namiji ya ji kunyarta. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana sumbatar jikokinsa, kuma ya yi inkari ga mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amma ita mafari ce, ba ma'auni ba. Inda ido ya gaza, wajibi ne hankali ya ɗauka. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, ba su ce kyakkyawan ɗa ba.

Don haka ina ba mu aiki guda. Kowannenmu ya duba layinsu a nan Kwaciri, ya nemo yaro ɗaya da aka daina yi wa murmushi, maraya ne ko almajiri ko maras lafiya. Ya san sunansa, ya san inda yake kwana, ya san ko ya ci abinci. In ramammen jariri ne, a kai shi asibiti tun da wuri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.