Kamfaninka na Ingila Baƙo Ne a Kano
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai



Da yawa daga cikinmu sun yi wa ƙananan kamfanoni rajista a nan Ingila, da niyyar wata rana su buɗe reshe a Kano ko Kaduna. Ina so mu san yadda dokar gida ke kallon irin wannan kamfani. A idonta baƙo ne, ko da mai shi haifaffen Fagge ne, domin inda aka yi wa kamfani rajista ake dubawa, ba a tambayar asalin mai shi.

A nan, kamfanin waje da ya buɗe ofis yana cike fom mai lamba OS IN01, ya miƙa wa Companies House cikin wata ɗaya, sai ya ci gaba da aiki a matsayin reshe. Nijeriya ba ta buɗe wannan ƙofa ba. Sashe na 78 na Dokar Kamfanoni, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ya wajabta wa kamfanin waje ya kafa sabon kamfani mai zaman kansa a Hukumar CAC kafin ya fara kasuwanci. Abin da ya aikata saɓanin haka, sashen ya ce rusasshe ne. Ku dubi nauyin wannan hukunci: mutum ya zuba jari, ya ƙulla yarjejeniyar miliyoyin naira, ranar da rigima ta kai kotu lauyan abokin shari'a ya nuna cewa tun farko ba a cika sharaɗin ba. Sashe na 80 ya ba Minista ikon yin togaciya, amma ga irin kamfanonin da gwamnati ta gayyato don wani aiki takamaimai. Mai sayar da atamfa ko manhajar kwamfuta ba ya ciki.

Bayan fom na CAC 1.1, akwai rajista da Hukumar NIPC, da izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, da bayyana duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko fiye. Takardar da aka fi sakaci da ita, a ganina, ita ce shaidar shigo da jari da banki ke bayarwa. Wanda ya aika kuɗinsa ta hannun ɗan canji ba zai same ta ba, kuma in babu ita ba zai fitar da ribarsa ta hanyar hukuma ba.

Ga inda siyasa ta shigo. Gwamnatoci suna ta kiran mazauna ƙetare su kawo jari gida, amma doka ta haɗa ɗan ƙasa mai kamfani a Manchester da katafaren kamfanin mai a layi ɗaya. Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta rubuta wa kwamitocin kasuwanci na Majalisar Tarayya, ta nemi a sauƙaƙa sharuɗɗa ga kamfanin da 'yan Nijeriya suka mallaka gaba ɗaya. Kafin nan, mai fasfo ɗin Nijeriya yana iya yin rajista a gida da sunansa kai tsaye, ya bar kamfaninsa na Ingila a gefe.